Kullum sai na yi awa 5 ina karatu amma na faɗi tes, ina matsalar take?

Sabuwar Ɗaliba:
Assalamu alaikum yayyena. Don Allah ku taimake ni da shawara, abin ya tsaya min a rai. Wannan ne zangona na farko a jami'a, ilimin halittu nake karantawa. Makon jiya aka ba mu sakamakon tes na farko, na ci 6 cikin 20. Da wasa na yi da ban damu ba, amma wallahi kullum sai na yi awa 5 a laburare. Handawut ɗin ƙwayar halitta shafi 38 ne, sau 4 na karanta shi daga farko har ƙarshe, na ja layi da jan biro har babu wurin da ya rage fari. Lokacin da nake karantawa komai a fili yake. Da aka ce mu bayyana yadda ruwa da sinadarai ke ratsa fatar ƙwayar halitta, ga shafin nan ina ganinsa a idona, har zanen da ke gefen dama, amma na kasa rubuta layi uku. Da na fito sai da na yi kuka. A sakandare haka nake karatu kuma ina cikin na gaba-gaba. Saura mako 7 jarabawa. Kaina ne ya toshe ko me?

Yaya 'Yar Aji Huɗu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, lafiyar kanki ƙalau. Abin da ya same ki shi ya same ni a shekarata ta farko, har kwas ɗaya na maimaita kafin na gano bakin zaren.

Idan kika karanta shafi sau 4, idonki ne ya saba da shi, kamar fuskar da kike gani kullum a hanya amma in aka ce faɗi sunan mai ita sai ki yi shiru. A ɗakin jarabawa kuwa ba wanda zai nuna miki shafin ya ce kin gane shi? Farar takarda za a miƙo miki a ce fito da abin da ke kanki. To fitowar nan ce ba ki taɓa gwadawa ba.

Yau da daddare ki karanta shafi 2 kacal, ki rufe handawut ɗin, ki kife shi ma in ya kama, ki ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da kika tuna. Ki zana ƙwayar halittar da hannunki, ki sa wa kowane sashe suna. Sannan ki buɗe ki duba. Ranar farko da na yi haka, abu 3 na iya tunawa cikin 11, sai da gabana ya faɗi. Amma 8 ɗin nan da suka kuɓuce min su ne ainihin karatuna na ranar, kuma da ban rufe littafin ba da har yau ina zaton na iya su. Akwai wahala, ba zan ɓoye miki ba, awa ɗaya a haka ya fi awa 5 ɗinki gajiyarwa.

Jan biron nan kuma ki ɗan ajiye shi. Idan kika ja wa komai layi, ba abin da kika ware.

Malamin Jami'a:
'Yata, ki riƙe maganar yayarki, don an gwada ta. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu rubutawa daga ka sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ya fi ba ni tausayi, masu maimaitawar su suka fi amincewa cewa za su tuna. Irinsu nake gani a ofishina duk bayan tes, suna rantsuwa sun yi karatu, kuma gaskiya suke faɗa.

Abin da zan ƙara shi ne tazara. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta rage sauri. Saboda haka lakcar yau, yau za ki fara tishinta ko da na minti 10 ne, ki sake bayan kwana 2, sannan bayan mako. Mako 7 ya ishe ki in kika fara yanzu.

Ki kuma je wurin malaminku ki roƙi ganin takardar tes ɗinki. Da yawanmu muna jin daɗin ɗalibin da ya zo da tambaya, ba ya zo roƙon maki ba.

Ɗan Injiniya:
Ni ta wani ɓangaren zan taɓo. 'Yar'uwa, awa 5 ɗin nan, ina wayarki take? Na taɓa lissafa nawa, cikin awa 3 sau 19 na ɗaga waya. Yanzu a jaka nake barinta, in yi minti 25 ba ɗagowa, in huta 5. Wasu abokaina sun fi son minti 45, kowa da nasa.

Ga ilimin halittu mai sunaye da yawa, ki yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba amsa a baya. Wanda kika ci ki jinkirta shi, wanda kika faɗi ya dawo gobe. Manhajar Anki, wadda ake yin irin waɗannan katunan da ita a waya, ita ma haka take aiki. Sai dai kati ba ya koyar da bayani mai tsawo irin wanda aka tambaye ku, wannan sai ki samu ƙawa ki yi mata bayani da baki tana tare ki da "me ya sa?". Kuma kar ki yarda a ja ki kwanan karatu daren jarabawa, barci na cikin abin da ke zaunar da karatu a kai.

Sabuwar Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na gwada jiya. Shafi 2, abu 9, na tuna 4. Yau da safe kafin lakca na sake ba tare da na buɗe ba, na samu 7, har zanen na yi, sai dai na juya kibiyar da ke nuna inda ruwa ke bi. Malam, ranar Litinin in sha Allahu zan je neman takardata. Tambaya ɗaya ta rage min: kwas 8 nake yi, tishin nan mai tazara duka zan riƙa taɓawa kullum, ko in raba su biyu-biyu a rana?