Tambaya: Yaya ake cin hunturu a tsibirin Marion, kuma me ake tsaro a can?

Ɗalibar Halittu

Assalamu alaikum malamai. Ina nazari a kan tsibirin Marion na Afirka ta Kudu, wanda aka keɓe domin kare halittu tun 1995. Hunturun can ne ya ɗaure mini kai. Jirgin ruwa ya sauke mutane ya juya, sai baɗi. To me suke ci, ina suke samun wuta da ruwa, kuma wace dabba ce ke zama lokacin sanyi har da za a ce mutum ya zauna dominta? Na ɗauka duk tsuntsayen ƙaura suke yi.

Makanikin Janareta

Wa alaikumus salam, Malama. Hunturun can daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a wajenmu. Tsibirin yana kudu maso gabashin Cape Town da kimanin kilomita 2,000. Jirgin S.A. Agulhas II yana zuwa wajen watan Afrilu, ya kawo sabon ayari da kayan shekara, ya kwashi tsofaffi. Babu tashar jirgin ruwa, babu filin jirgin sama, don haka jirgi mai saukar ungulu ne ke jigilar kaya zuwa tudu. A cikin ayarin akwai jami'in lafiya, makanike, mai kula da rediyo da sadarwa, masu auna yanayi, sai masu aikin tsuntsaye da dabbobin ruwa.

Wuta daga janareta take, kuma man dizal ɗin da aka sauke a Afrilu shi za a lallaɓa har jirgi ya dawo. Ruwan sha daga wata 'yar madatsa yake gangarowa ta bututu, idan sanyi ya tsananta bututun kan daskare, sai a koma ga na tanki. Abinci kuwa daskararre ne, da na gwangwani, da busasshe. An hana shiga da ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, don kada iri ko ƙwaro ko ciwon shuka ya biyo su. Naman kaza ma da sharaɗi yake shiga saboda cututtukan tsuntsaye. Shara ana tara ta, jirgi ya mayar da ita Afirka ta Kudu.

Sanyin kansa bai kai yadda ake zato ba. A bakin teku awon zafi yakan tsaya kusa da digiri 4, ƙanƙara ta sauka ta narke. Abin da ke kayar da mutum shi ne jiƙa da iska. Ana ruwa ko yayyafi fiye da kwana 300 a shekara, iskar yamma kuma ba ta hutawa. Wanda ya sa rigar auduga a ciki, gumi ya jiƙa ta, da ya tsaya cin abinci minti goma sai jiki ya fara kaɗawa. Shi ya sa ake sa ulu ko yadin roba a ciki, rigar ruwa a waje, a kuma ƙulle busasshiyar safa da kayan kwana a leda cikin jaka.

Babu titi, babu mota, ko'ina da ƙafa ake zuwa. Ƙasar iri biyu ce mai wahala: fadama mai lulluɓe da ciyawa wadda mutum zai taka ya nutse har cinya, da baƙin dutsen aman wuta mai kaifi da ke yanka takalmin roba. Akwai ƙananan ɗakuna jefi-jefi a kewayen tsibirin, da risho na gas da gwangwanaye da rediyo, kuma kowace yamma sai an kira sansani, wato babban mazaunin ayarin, an faɗi inda ake. A watan Yuni hasken rana bai cika awa 9 ba, wanda ya yi jinkirin fita da safe dare zai riske shi a tsakiyar fadama.

Mai Aikin Tsuntsaye

Malama, ba duka ke tafiya ba, kuma waɗanda suka zauna su ne suka fi bukatar ido. Babban albatros, tsuntsun teku mai fukafukan da buɗewarsu ta haura mita 3, yana yin ƙwai ɗaya tak wajen Disamba zuwa Janairu. A kwanta masa mako 11, ya ƙyanƙyashe a Maris. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki iyayen su bar ɗan shi kaɗai a kan sheƙar laka da ciyawa, su riƙa zuwa da abinci bayan kwanaki. Haka zai zauna cikin ruwa da ƙanƙara hunturu guda, ba zai tashi ba sai Nuwamba ko Disamba. Saboda tsawon renon, iyayen da suka yaye ɗa sai sun tsallake shekara kafin su sake ƙwai. Kin ga ke nan asarar ɗa ɗaya ba ƙarama ba ce. Aikin ma'aikaci shi ne zagaya sheƙunan da aka kafa wa sanda mai lamba, ya karanta zoben ƙafar iyaye, ya rubuta ɗan yana raye ko ya mutu, ya duba kai da ƙarƙashin fiffike ko akwai rauni.

'Ya'yan sarkin fenguwin, wani nau'in tsuntsun teku da ba ya tashi sama, suna cunkushewa wuri ɗaya don ɗumi, abinci ya yi musu wuya har wani ya rasa rabin nauyinsa kafin bazara. Fenguwin jinsin jentu kuwa a Marion cikin hunturun ma yake ƙwai. Akwai kuma nau'in fetirel biyu, su ma tsuntsayen teku ne, mai ruwan toka da mai dogon fiffike, da ke reno a rami a wannan lokaci. Saboda irinsu ake sauke labulen kowace taga da dare: hasken fitila cikin hazo yana ruɗa su, su yi karo da gini.

A bakin ruwa, matan wani nau'in sil mai gashi, dabbar teku da ke hawa tudu ta haihu, suna shayar da 'ya'yansu kusan wata 10, su tafi teku kiwo su dawo. Ana auna nauyin 'ya'yan lokaci-lokaci. A nan ake samun cizo, domin ƙaramin sil yana da saurin juyowa, kuma bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta. Raunin sai an wanke shi sosai nan take an kai wa jami'in lafiya, ba a barinsa sai gobe.

Malamin Kare Muhalli

Ku ƙara da ɓera, don shi ne babban ciwon tsibirin. Jiragen mafarautan sil ne suka kawo shi tun ƙarni na 19. Da bazara yana cin ƙwari da iri, ya hayayyafa. Hunturu na shigowa abinci ya ƙare, sai ya koma kan 'ya'yan tsuntsaye da dare, yana cin fatar kai da tsokar ɗan albatros yana raye. Tsuntsun bai san abokin gaba a tudu ba, don haka ba ya gudu. An fara ganin haka a 2003. Tsibirin Prince Edward da ke maƙwabtaka ɓera bai taɓa shiga ba, kuma bambancin ciyayi da ƙwarinsa da na Marion a bayyane yake.

Wannan yunwar ita ce kuma damar kashe shi. Shirin Mouse-Free Marion, wato na kawar da ɓera daga tsibirin, zai watsa ƙwayar hatsi mai gubar brodifacoum daga jirage masu saukar ungulu, a kan hekta kusan 30,000, kuma da hunturu za a yi: ɓera ba ya haihuwa, yana jin yunwa, yawancin tsuntsayen da za su iya cin gawarsa su mutu kuma sun tafi. Wahalar ita ce ɓera ba ya nisa da raminsa. Layin da jirgi ya tsallake saboda iska ko hazo, ko kogon dutse da ƙwayar ba ta shiga ba, ya isa mace ɗaya mai ciki ta tsira. A tsibirin Gough da ke kudancin tekun Atlantika an yi irin wannan aiki a 2021, kafin shekarar ta fita kyamara ta ɗauki ɓera. Ni a ganina gara a yi ta ɗaga ranar har shiri ya kammala, da a yi gaggawa a maimaita abin Gough.

Ɗalibar Halittu

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam, me ya hana a saki kyanwa kawai?

Malamin Kare Muhalli

An gwada, Malama. A 1949 aka kai kyanwoyi biyar sansanin don ɓera. Suka watsu cikin tsibirin, suka ga fetirel a rami ya fi ɓera sauƙin kamu da nama. Zuwa 1977 sun kai kusan 3,400, suna cin tsuntsaye wajen 450,000 a shekara. Sai da aka saki cutar kyanwa a cikinsu, aka bi da farautar dare da bindiga da tocila, da tarko, da guba, sannan aka ga bayansu a 1991.