Tunda waya na nuna inda mutum yake, me za a yi da sunan titi da lambar gida?

Malam Isa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina zamanin kakkafa allunan sunayen tituna da liƙa lamba a ƙofar kowane gida ya wuce. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai don motar asibiti da 'yan kwana-kwana su riƙa gane inda aka kira su. To ai wayar da ke aljihunka ta san inda kake tsaye fiye da yadda kai ka sani. Ka tura musu wurin, su biyo taswira har bakin ƙofa. Kuɗin da za a narkar a ƙarfe da fenti da zaman kwamiti, a ƙaro motoci da ma'aikata da su. Inda babu taswira ma, matambayi ba ya ɓata.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wa zai tambaya da ƙarfe uku na dare? Na daɗe ina aikin amsa kiran gaggawa, kuma wanda bai taɓa ɗora abin sauraren nan a kunnensa ba bai san yadda mutum yake komawa idan tashin hankali ya same shi ba. Mace ce ta kira, mijinta ya yanke jiki ya faɗi, tana kuka, yara na ihu a bayanta. Na ce ina ne gidan? Ta ce bayan gidan mai, kusa da babbar bishiya. Wane gidan mai? Ta ce wanda yake kan kwana. Ina jin numfashinta, ina jin ta tana kiran sunan mijin, ni kuma ina kallon taswira mai gidajen mai birjik. Wannan matar ce za ka ce ta katse kira, ta buɗe manhaja, ta nemo inda ake danna tura wuri? Hannunta rawa yake yi. Amma da a ce tun tana amarya ta haddace "lamba 14, titi kaza", da bakinta zai faɗa ko hankalinta ba ya jikinta.

Kuma lokacin da ake ɓatawa a kwatance ba na wasa ba ne. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Duk mintin da ya wuce ba a fara danna ƙirji ba, damar rayuwa tana raguwa da kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100.

Malam Isa: Hajiya, ban raina aikinki ba, Allah ya saka da alheri. Amma ba sai ta buɗe komai ba. Akwai tsarin da ake kira AML, an fara shi a Ingila a 2014, wayoyin Android suka ɗauka a 2016, iPhone a 2018. Da zarar ka danna lambar gaggawa, wayar da kanta take kunna GPS ta aika wa cibiyar inda kake, ko ba ka ce uffan ba. Wanda ya yi haɗari a dajin da ba titi ba gida, wace lamba za ta cece shi? Ga abin da ya kamata a zuba wa kuɗi.

Garba Direba: Malam, ni nake tuƙa motar, bari in gaya maka abin da ɗigon nan da ke nuna wurin waya a taswira yake yi mana. A fili, a babbar hanya, ba ni da ƙorafi, yana kai ni daidai. Matsalar tana cikin unguwa. Ɗigon ya sauka a kan katangar da ta raba gida biyu da suka juya wa juna baya. Na bi shi, na isa, na buga ƙofa, aka ce ba nan ba ne. Ashe gidan da nake nema ƙofarsa tana kallon wani layin, kuma babu hanyar da ta haɗa su sai na koma baya na zagayo ta babban titi. Ka taɓa yin ribas da doguwar mota a lungun da motoci suka yi fakin hagu da dama? Ɗigo yana nuna inda wayar take, ba ya nuna inda ƙofar take. Balle a bene mai hawa goma, bai san wane hawa ba, bai san wane ɗaki ba, kuma a cikin gini ma ƙarfinsa raguwa yake yi.

Sannan sau da yawa mai kiran ba ya wurin. Mutum yana wajen aiki, uwarsa ta kira shi ta ce ƙirjinta na ciwo, shi kuma ya kira mu. Wayarsa za ta nuna ofis ɗinsa ne. Idan gidan uwar ba shi da adireshi, mun koma kan bishiya da gidan mai.

'Yan kashe gobara ma sun fi mu sauƙi, su hayaƙi ke yi musu jagora idan sun matso. Mara lafiya ba ya hayaƙi. Sai dai in rage gudu ina haska ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Sadiya: Ƙari a kan maganar Malam Garba, shi AML ɗin ba ya aiki sai cibiyar da ke amsa kira tana da na'urar karɓar saƙon, kuma ba kowace ƙasa ce ta kafa ba. Inda babu, abin da ake gani kawai shi ne ƙarfen sabis ɗin da kiran ya biyo, wanda a karkara zai iya rufe kilomitoci. Ƙaramar waya kuwa ba ta da wannan tsarin sam.

Amma abin da nake so Malam Isa ya lura da shi daban ne. Kana ɗaukar lamba kamar ado ce a ƙofa. Lambar da aka tsara da hankali, ita kanta kwatance ce. A karkarar Ostireliya da Niyu Zilan, ana auna nisan ƙofar gona daga farkon hanya da mita, a raba da goma, abin da ya fito shi ne lambar. Gidan da ke da lamba 1250 yana kilomita 12 da rabi daga inda hanyar ta faro. Masu 1, 3, 5 a ƙarshe suna gefe ɗaya, masu 2, 4, 6 suna ɗaya gefen. Direba yana jin lambar ya san nisan da zai yi da gefen da zai duba, ko sabis ya ɗauke, ko batir ya mutu. Kuma idan gobe wani ya yi gini a tsakani, lambarsa tana nan tana jiransa, ba sai an sauya ta kowa ba.

Baba Audu: 'Ya'yana, duk na ji ku. Ni tambayata ɗaya ce: wa ya fara wannan abu, kuma don me? Ba don mara lafiya aka fara ba. A 1770 sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta sa aka bi gidajen ƙasarta ana shafa musu lamba don a ƙidaya mazan da za a ɗiba aikin soja. Lambar gaggawa ta farko kuwa, 999 ta Landan, sai 1937 ta zo. Kun ga ratar. Hukuma ta daɗe da son sanin ƙofar kowa kafin ta yi tunanin aiko masa da taimako. Yau a ce maka don motar asibiti ne, gobe takardar haraji ce za ta fara gane ƙofar. Talakan da ya yi gini a filin da ba shi da takarda, idan ya ga masu fenti sun doso, ba ceto yake gani ba, rusau yake gani.

Injiniya Sadiya: Baba, Allah ya ƙara girma, tarihin nan haka yake, kuma tsoron da kuka faɗa ba na banza ba ne. Shi ya sa a aikinmu ake raba abu biyu: lamba tana cewa ga inda ƙofa take, ba ta cewa ga mai filin. Idan hukuma ta haɗa ba da lamba da binciken takardun mallaka, mutane za su ɓoye, su goge fentin da dare, kuma unguwannin da suka fi buƙatar taimako su ne za su rage babu adireshi. Sai dai Baba, shi mai karɓar haraji yana da wata guda ya yi ta tambaya har ya same ku. Mai motar asibiti ne ba shi da wannan lokacin.

Baba Audu: Wannan kin faɗi gaskiya, 'yata. Amma rabawar da kike faɗa a takarda take. Ina so in ga wanda zai tsare ta.

Malam Isa: To ku ba ni amsar Japan. Yawancin titunan Tokyo ba su da suna, kuma ba wanda zai ce motocin agajinsu ɓata suke yi.

Injiniya Sadiya: Malam, Japan hujjarmu ce. Ba su sa wa titi suna ba, amma sun sa wa yanki suna, sun raba shi kashi-kashi da lamba, kowane rukunin gidaje da lambarsa, kowane gini da tasa, kuma duk yana rubuce a wurin hukuma da jikin allunan da ke kan gine-gine da turakun lantarki. Adireshi ne cikakke, salonsa ne ya bambanta. Maƙwabciyarsu Koriya ta Kudu ma da irin wannan salon na lambar fili take amfani, ta ga lambobin sun cakuɗe saboda yawan rarraba filaye, ta koma sunan titi da lambar gini gaba ɗaya a 2014. Ƙasar da kusan kowa ke riƙe da babbar waya ke nan.

Idan kana son ganin garin da ya dogara da kwatance zalla, dubi Managuwa ta Nikaraguwa. Girgizar ƙasa ta 1972 ta rushe tsakiyar birnin, amma mutane suka ci gaba da kwatance da gine-ginen da suka faɗi: daga inda kaza take a da, ka yi layi biyu wajen tafki. Wanda aka haifa bayan rushewar dole ya haddace abin da bai taɓa gani ba.

Hajiya Rabi: Ni kuma zan ɗan taya Malam Isa a nan, don ba na son a ɗauka kowane allo alheri ne. Sunan da aka sa babu tunani yana kashe mutum. A 2008 a jihar Jojiya ta Amurka, wata mata ta kira tana fama da numfashi, gidanta yana Wales Drive, aka tura mota Wells Street a wani garin daban. Kafin a gano kuskuren lokaci ya tafi, kuma ta rasu. A yankin Atlanta, babban birnin jihar, kaɗai tituna fiye da 70 ne ke da kalmar Peachtree a sunansu. Ka yi tunanin mai haki yana faɗa maka wannan a waya mai ƙara.

Shi ya sa abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake mayar da sa suna abin karrama manya. Wannan ya hau mulki ya cire sunan wancan ya sa na ubangidansa. Allo ya canza, taswirar cibiyarmu ba ta canza ba, mutanen layin kuma suna nan suna kiran sunan da suka gada. Titi ɗaya, suna uku. Da a bar ni, ƙa'idar ba ta da yawa: kada suna ɗaya ya maimaitu a gari, kada biyu su yi kama a kunne, ya zama gajere wanda yaro zai iya faɗa, kuma inda mutane suka riga suka saba da wani suna a bar musu abinsu. Kafin a buga allo, a kira sunan ta waya a ji yadda yake fita.

Zainab: Anti Rabi, to me zai hana a bar sunaye gaba ɗaya a ba kowane gida lamba ta musamman irin ta kwamfuta? Ghana ta yi a 2017, ta yanka ƙasar kashi-kashi a taswira, kowane fili mai mita 5 tsawo da faɗi da lambarsa. Ayalan ma ta yi Eircode a 2015, kowane gida da harufa da lambobi guda 7 nasa shi kaɗai, saboda sama da kashi ɗaya cikin uku na adireshinsu ba su bambanta da na maƙwabta ba. Babu rigimar sunan wa za a sa.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙauyen da gidaje suka warwatsu. Amma harafi ɗaya ya kuskure, an tafi wani wuri, kuma ba yadda zan yi in gane an yi kuskure. Idan mutum ya ba ni suna da lamba ya haɗa da lambar kwamfutar, sai ɗaya ya tabbatar da ɗaya. Baƙon da ya ga mutum kwance a bakin hanya kuma bai san lambar kwamfutar wurin ba, allo ne kawai zai ɗaga kai ya karanta mini.

Garba Direba: Kuma don Allah idan an sa lambar, a sa ta inda za a gani. Na sha isa layin da ke da lambobi amma an rubuta su ƙanana da baƙin fenti a baƙar ƙofa, ko reshe ya rufe, ko an liƙa a jikin ƙyauren da ake bari a buɗe ya juya wa titi baya. A sa manya, masu ƙyalli idan fitila ta haska, a jikin katanga daidai idon wanda ke zaune a mota. Gidan da ke can ciki, a kafa lambar a bakin hanyar shiga.

Malam Isa: Na ji, na yarda ɗigo kaɗai ba ya kai mutum ƙofa. Amma har yanzu ina kan bakana a maganar kuɗi. Idan abin da ke hannu kaɗan ne, a fara da cibiyar karɓar kira da na'urorinta. Allo ana sace shi, rana tana cinye fentinsa, shekara kaɗan an koma gidan jiya.

Injiniya Sadiya: Malam, allon ba shi ne babban aikin ba. Babban aikin shi ne rajista: a bi layi-layi a rubuta kowace ƙofa da inda take a taswira, kuma duk sabon gini a shigar da shi kafin a tare. Na'urar da kake so a saya, wannan rajistar take karantawa. Idan babu ita, ɗigonka zai sauka a kan taswirar da ba ta san akwai gida a wurin ba, kuma Hajiya ba ta da abin da za ta faɗa wa Malam Garba ta rediyo sai jerin lambobin tauraron ɗan adam.

Baba Audu: To rajistar nan, a hannun wa za ta zauna, kuma wa zai iya buɗe ta?

Injiniya Sadiya: Yawanci ƙaramar hukuma ce ke riƙewa, ta ba masu agajin gaggawa da gidan waya kwafi. Ba sai an sa sunan mai gida a ciki ba, Baba, ƙofa da lambarta sun isa. Amma sai an rubuta hakan a doka tun kafin a ɗauko bokitin fenti, in ba haka ba duk ofishin da ya ga dama zai ƙara nasa layin a jikin takardar.