Lasisin bindiga na Pennsylvania zai yi min aiki a New Jersey?

DirebanTirela:
Salam 'yan uwa mazauna Amurka, don Allah shawara nake nema. A Allentown ta jihar Pennsylvania nake, tirela nake ja, yawanci kwantena nake ɗaukowa daga tashar jiragen ruwa ta Newark a New Jersey. Watan jiya na tsaya shan mai wajen ƙarfe biyun dare wasu samari biyu suka tare ni, ɗaya ya ɗan ɗaga riga ya nuna min bindiga a ƙugunsa, suka karɓe waya da walat, wallahi har na iso gida ƙafata rawa take a kan totur. Shi ne na je ofishin sherif na cike fom na biya dala 20, yanzu lasisin ɗaukar fistol a ɓoye ya fito, na shekara 5. To tambayata, tunda lasisin tuƙina yana aiki a ko'ina, wannan ma haka ne? Kogin Delaware kawai nake hayewa fa na shiga New Jersey. Girin kad gare ni, wato katin zama na dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna.

Baba_Philly:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Amma ɗana, kul! Kar ka kuskura ka haye gadar nan da ita. New Jersey ba ta san lasisin kowace jiha ba sai nata, haka New York da Maryland da California. A 2013 wata baiwar Allah 'yar nan Philadelphia, Shaneen Allen, mai 'ya'ya biyu, ita ma fashi aka yi mata ta sayi bindiga ta yi lasisi irin naka sak. 'Yan sanda suka tsayar da ita a yankin Atlantic City kan laifin tuƙi, da bakinta ta ce ina da bindiga ga takardata, nan take aka sa mata ankwa. Dokarsu ta ce mafi ƙaranci wata 42 a gidan yari ba sassauci. Sai da ƙasa ta ɗauki surutu sannan aka sassauta mata, gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya yi mata afuwa a 2015. Ita 'yar ƙasa ce fa. Kai mai girin kad in kotu ta same ka da laifin bindiga, ka gama zaman kurkuku imigireshan na jiranka a bakin ƙofa, sai gida.

Sani_Houston:
Gaskiyar Baba ce, kuma abin nan na ci min rai. Haƙƙin da tsarin mulki ya ba mutum ta yaya zai ɓace don ya haye gada? Mu nan Texas tun 2021 ko lasisi ba ka buƙata, jihohi 29 ke kan wannan tsarin yanzu. Kotun ƙoli ma a shari'ar Bruen ta 2022, alƙalai 6 da 3, ta ce New York ba ta da ikon cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka. Akwai ƙudurin da ɗan majalisa Richard Hudson na North Carolina ke ta kawowa, H.R. 38, wanda zai tilasta wa kowace jiha ta karɓi lasisin 'yar uwarta, ƙungiyoyin kare haƙƙin bindiga NRA da Gun Owners of America na bayansa, a Disamban 2017 ya wuce majalisar wakilai da ƙuri'a 231 da 198 amma da ya je majalisar dattawa sai ya kwanta. Kafin nan dai akwai dokar tarayya ta 1986, ka cire harsashi ka kulle ta a akwati inda hannunka ba zai kai ba, ka wuce abinka.

HajiyaBronx:
Malam Sani ka yi haƙuri, ni ban tare da kai. A wasu jihohin sai ka yi aji ka ci gwajin harbi, a Pennsylvania kuwa ai ka ji shi da bakinsa, fom da dala 20, ko sau ɗaya ba a ce ya harba a gani ba. In ƙudurin nan ya wuce, jihar da ta fi kowa sakaci ita za ta zana wa kowa doka, mu da muke cunkushe a jirgin ƙasa kamar kifin gwangwani mu za mu ji a jika. Sannan ƙanena direba, ka tuna kalar fatarka. Philando Castile, baƙar fata, yana da lasisi cikakke a Minnesota, 2016 aka tsayar da shi ya faɗa wa ɗan sanda yana da bindiga, aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama, kotu ta wanke ɗan sandan. Masu ihun haƙƙin bindiga a lokacin muryarsu ƙasa-ƙasa muka ji ta.

Baba_Philly:
Sani kar ka jefa yaron nan a rami. Dokar 1986 ta mai wucewa ce, sai bindigar ta halatta gare ka a inda ka taso da inda za ka sauka. Shi kuma Newark ce masaukinsa, ina wucewa a nan? Ko masu wucewar ba su tsira ba, wani mutumin Utah jirgi ya tsere masa a Newark a 2005 ya kwana a otal da jakarsa mai bindiga a ciki, washegari aka kama shi, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kwanan da ya yi ya fitar da shi daga kariyar. Kuma bindigar da ke kulle ba harsashi me za ta yi maka ƙarfe biyun dare? Maganar lasisin tuƙi kuwa, jihohi ne suka yarda da juna da kansu, na bindiga kowa da wanda ya ga dama. In ka matsu, New Jersey na ba wanda ba mazauninta ba lasisi, ta hannun 'yan sandan jiha ake nema, da horo da gwajin harbi, shekara 2 yake yi. Ka ga lauyan imigireshan tukun, ka kuma duba takardar kamfaninku don da yawansu sun hana bindiga a mota ko da lasisi.

DirebanTirela:
Kai! Wallahi da Litinin ɗin nan na yi niyyar sa ta a ƙarƙashin kujera. Na gode Baba, na gode Hajiya. Tana gida cikin akwatinta, man kuma zan riƙa sha da rana kafin na bar Easton na haye New Jersey. Akwai wanda ya san lauya mai sauƙin kuɗi a ɓangaren nan?