Sunan rana ko sunan kurwa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Jibi zan gabatar da shirin rediyo a kan Kofi Annan, wanda aka haifa a Kumasi ranar wata Juma'a a 1938, kuma ina neman Hausar abin da mutanen Akan na ƙasar Gana suke kira kradin, wato sunan da jariri yake samu daga ranar haihuwarsa, kamar Kofi da Afua ga haihuwar Juma'a, ko Yaw da Yaa ga ta Alhamis.

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam. Ai wannan ba ya buƙatar ƙirƙira, sunan rana ke nan. Kofi shi ne Ɗanjuma, Afua Jummai, Yaa Asantewaa kuwa, jarumar nan ta Gana da ta yaƙi Turawa, da a Katsina aka haife ta da Lami za a kira ta.

Mazaunin Zangon Kumasi: Allah ya gafarta Malam, akwai gyara. A wurinmu sunan rana laƙabi ne da yake bin bayan sunan yanka, galibi don alkunya, amma a wurin Asante, waɗanda reshen Akan ne, kra ɗin da ke cikin kradin yana nufin ran mutum, kuma sun yarda cewa ranar haihuwa tana nuna hali. Ana sa ran Kwadwo, haihuwar Litinin, ya zama mai sanyin rai, ana kuma tsokanar Kwaku, haihuwar Laraba, da wayo, domin Gizon tatsuniyarsu ma Kwaku Ananse yake. Ni dai sunan kurwa na zaɓa.

Hajiya: Ɗana, da zarar ka ce kurwa a rediyo, mai sauraro a Kano maita zai tuna. A ce sunan ruhi.

Mazaunin Zangon Kumasi: Hajiya, ruhi Larabci ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a bar tamu a ari ta wasu ba. Kullum mu Hausawan Gana muka kawo kalma sai a auna ta da kunnen Kano.

Malamin Hausa: Idan za a kori Larabci, to sai a fara da Juma'a da Laraba ɗin kansu, sannan Ɗanjuma ya nemi wani suna.

Mai fassara: Na gode, lokaci ya ƙure. Zan ce sunan rana, in bi shi da bayanin cewa su Akan suna ɗaukarsa sunan ran mutum ne.

Mazaunin Zangon Kumasi: To, ba laifi, amma in shirin zai isa Kumasi, a ambaci kradin ko sau ɗaya ne.