Dakatarwar Siasia a Wikidata: hukunci ɗaya ne ko biyu?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Daga Samaru, Zariya, nake shigar da bayanan 'yan wasa a Wikidata (rumbun bayanai na Wikimedia), na maƙale a kan Samson Siasia, tsohon ɗan wasa kuma tsohon kocin Super Eagles.

FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a Agustan 2019, ta kuma ci shi tara. A 2021 kotun CAS, mai sasanta rikicin wasanni ta duniya, ta rage zuwa shekara biyar, ta kuma soke tarar. Da na sa hukunci ɗaya, farawa 2019, ƙarewa 2024, sai haramcin har abada ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Da na raba biyu, binciken da na gudanar ya lissafa masa dakatarwa biyu, har wani edita ya goge ɗaya wai maimaici ne.

Don Allah, yaya ake nuna hukuncin da ɗaukaka ƙara ta sauya ba tare da an ƙirga shi sau biyu ba?