Shawarwarin da aka ba ƙanwarmu mai aikin amsa waya a Jidda

To ga dai abin da na tsinta a hirar da aka yi kan ƙanwarmu, wadda aikin amsa kiran kwastomomi ke neman cinye mata rayuwa, ga yara ga cefane ga Hajiya ba lafiya.

An fi daɗewa kan maƙogwaro, don wallahi yini guda kana magana cikin sanyin AC ba wasa ba ne, Anti ta ce ta riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi tsakanin kira da kira, ta rage shayi da gahawa, ta kuma rage ƙarar abin kunnen nan kafin ya taɓa mata ji. Wani yaya ya tuna mata dokar ƙwadago ta Saudiyya awa 8 ce a rana, 48 a sati, da azumi kuma 6 ga Musulmi, abin da ya ɗoru a kai obatayim ne sai an biya. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi, yawancinmu kunyar tambaya muke ji.

Harkar asibiti aka ce ta kama layi ta Sehhaty, manhajar waya ta ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, in ciwon dare ne ta kira 937 tukuna, wato lambar ma'aikatar ta neman shawarar likita. Takardu kuwa Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya ta harkar takardu, ya wadatar.

Cefane sau ɗaya a sati, bayan isha'i in zafi ya sauka, a yi miya da yawa a zuba a firiza. Batun maigida ya riƙa ɗauko yara daga makaranta ne ya jawo musu, har aka tashi ba a daidaita ba.