Na gano ɓaraka a wata burauzar waya, masu ita sun yi shiru: in fallasa ko in ƙara jira?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga harkar tsaron manhaja. Ina koyon gina shafukan intanet, a cikin gwaje-gwajen da nake yi ne na ci karo da abin da ya tayar mini da hankali a wata burauzar waya, cikin waɗanda aka gina a kan Chromium, wato injin da Chrome da wasu burauzoji da yawa ke hawa. Ba zan faɗi sunanta ba, tunda har yanzu ba a gyara ba. Shafin da na rubuta yana iya sa gurbin adireshi ya nuna adireshin wani shafi daban, alhali duk abin da ke ƙasa nawa ne. Mutum zai duba sama ya ga adireshin bankinsa daidai, ya rubuta kalmar sirrinsa da kwanciyar hankali, ita kuwa ta tafi hannun wanda ya ɗana tarkon. A wayata kaɗai na gwada, da shafukan da ni na mallaka.

Na rubuta wa kamfanin ta imel ɗin masu kula da abokan hulɗa. Na'ura ta amsa cewa an karɓi saƙona, daga nan shiru har aka shiga makonni. Abokina ya ce in ɗauki bidiyo in saka a Facebook da X, kunya za ta sa su motsa. Wani kuma da ban sani ba, wanda ya ji labarin a bakin abokin, ya turo mini cewa zai saya, amma kada in gaya wa kowa. Ni dai abin da ke damuna, mutane suna ta amfani da burauzar nan kullum ba su san halin da ake ciki ba. Me ya kamata in yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka ɓoye sunan, kuma kada ka ƙara mana bayanin yadda ake yi, ko da wani a nan ya tambaye ka. Kafin komai sai ka gano wa ke da matsalar. Burauzoji da yawa inji ɗaya suke hawa: Opera ta koma kan Chromium a 2013, Edge ta bi sahu a Janairun 2020, Brave da Vivaldi da Samsung Internet duk a kansa suke. Ka sabunta Chrome zuwa sigar ƙarshe ka gwada shafin naka a ciki, ka gwada a ɗaya ko biyu daga cikin sauran. Idan ya yi aiki a can, to ɓarakar a tushe take, kuma wurin kai rahoto shi ne issues.chromium.org, ka zaɓi rukunin tsaro. Rahoton da ya shiga ta nan a rufe yake, sai masu aikin tsaro da kai kaɗai ke ganinsa, kuma bisa al'adarsu sai makonni 14 bayan an gyara ake buɗe shi ga jama'a.

Idan bai yi aiki a can ba, abu biyu ne. Ko dai kamfanin ya makara, yana hawa tsohuwar sigar injin da aka riga aka yi wa faci, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, ko kuma laifin yana cikin abin da suka ɗora da kansu. Na fi zaton na biyun, domin gurbin adireshi yana cikin sassan da kowane kamfani ke zana nasa, musamman a waya inda allo ƙarami ne, adireshi yana ɓuya yana dawowa yayin da kake jan shafi.

Shirun da aka yi maka kuwa bai ba ni mamaki ba. Akwatin abokan hulɗa na masu ƙorafin an manta kalmar sirri ne da makamantansu, ba lalle saƙonka ya taɓa isa gaban injiniya ba. Ka rubuta adireshin shafin kamfanin ka ƙara /.well-known/security.txt a bayansa. Tsari ne da aka amince da shi a 2022 a ƙarƙashin RFC 9116, inda kamfani ke rubuta ƙofar da ake kai masa rahoton tsaro. In babu, duba HackerOne da Bugcrowd, kamfanoni da yawa ta nan suke karɓa.

Mai Gaggawa:
Ni ina tare da abokinka. Da wannan lallaɓawar aka daɗe ana cutar masu amfani. A shekarun 1990 mutum zai kai rahoto a kwantar da shi wata da watanni, wani lokaci ma a yi masa barazana da lauya. Sai da masu bincike suka fara wallafa komai a fili sannan kamfanoni suka koyi amsawa. Kuma wa ya tabbatar maka kai kaɗai ka gani? In ɗan koyo ya iya tuntuɓe da ita, masu kutse da suka mai da abin sana'a fa? Ka ba su dama, sun yi watsi da kai. Jama'a suna da haƙƙin su sani su kare kansu.

Malama:
Mai Gaggawa, tarihin da ka kawo gaskiya ne, kuma matsin lambar nan ce ta haifar da tsarin wa'adi da ake bi yau. Inda muka rabu shi ne lokacin. Ranar da bidiyo ya fita, ɗan damfara zai kwaikwaya cikin sa'o'i, shi kuwa mai waya ba shi da facin da zai sauke, kuma yawancin masu amfani da burauzar ba za su ma ga bidiyon ba. Wanda aka so a kare shi ne zai fara shan wahala.

Ɗan Koyo, ba a ce ka jira har abada ba. Project Zero, rukunin bincike da Google ta kafa a 2014, kwana 90 suke ba mai manhaja, in bai gyara ba su wallafa. Daga 2021 suka ƙara kwana 30 bayan fitar facin kafin su buɗe cikakken bayani, don mutane su samu sabuntawa. In kuwa an tabbatar masu kutse suna amfani da ɓarakar a halin yanzu, wa'adin kwana 7 ne. CERT/CC, cibiyar da aka kafa a 1988 a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, nata wa'adin kwana 45 ne, kuma daga cikin ayyukanta akwai shiga tsakani idan kamfani ya ƙi amsa wa mai bincike. Wannan ita ce hanyarka in ƙofar tsaron ma ta yi shiru. A ganina ka fara ƙirga kwanakinka daga ranar da rahoton ya isa ƙofar da ta dace, ka rubuta wa'adin a fili a cikin saƙon, da ladabi, ka kuma nuna a shirye kake ka ƙara musu lokaci in sun nuna suna aiki a kai.

Ka tsaya sosai a kan rubuta rahoton, don a nan mutane da yawa ke rasa abin da suka samo. Wanda zai karanta yana da tulin rahotanni a gabansa, wasu shirme ne, wasu an riga an kawo su. Abin da zai sa ya tsaya a naka shi ne ya iya maimaita abin da kansa cikin mintuna. Ka rubuta cikakkiyar lambar sigar burauzar da ta injin da ke ƙarƙashinta, da irin wayar da sigar Android ɗinta. Ka rage shafin gwajin, ka cire duk layin da in babu shi abin zai ci gaba da faruwa, har ya zama ɗan ƙaramin fayil, ka haɗa shi cikin rahoton maimakon ka ajiye shi a buɗaɗɗen adireshi. Ka jera matakan ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da ya kamata a gani da abin da aka gani. Bidiyon da abokinka ke so ka watsa, wurinsa ke nan, a haɗe da rahoton.

Sannan ka amsa tambayoyin da za su yi tun kafin su yi. Adireshin ƙaryar yana daɗewa a sama ko ƙiftawa ɗaya ne? A lokacin da yake nunawa, mutum zai iya rubutu a cikin shafin? Kowane adireshi za ka iya nunawa ko wasu kaɗan? Sai mutum ya danna wani abu, ko buɗe shafin kawai ya isa? Da waɗannan ake auna girman matsalar. A ma'aunin Chromium, cikakken iko a kan adireshin da ke nunawa yana cikin masu tsanani, wanda ke da sharuɗɗa kuma ya sauko matsakaici. Kada ka zuzuta, kada ka rage. Faɗi iya abin da ka gani da idonka.

Yaya Babba:
Ba a taɓa maganar mai saye sosai ba, ita ce kuwa ta fi tsaya mini a rai. Ƙanena, mutumin da ke neman hanyar nuna adireshin ƙarya, ya kuma ce kada ka gaya wa kowa, ba gyara zai yi da ita ba. Amfaninta guda ne a hannunsa, kwashe kalmomin sirri da kuɗin mutane. Duk wanda aka cuta da ita kana da kaso a alhakinsa, kuma in bincike ya tashi, sawun zai biyo har kanka. Kada ka yi ciniki, kada ka tura masa ko da hoton allo. Ka adana saƙonsa, ka kuma ambata a rahotonka cewa wani ya nemi saye, don wannan zai sa su fahimci akwai gaggawa. Ka ja kunnen abokinka ya daina yaɗa zancen.

Ka ci gaba da tsayawa a wayarka da shafukanka. Dokokin laifukan intanet sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma gwaji a kan asusun wani ko shafin banki na gaske ba da izini ba yana iya jefa ka cikin matsala ko da niyyarka mai kyau ce. Haka kuma kada ka haɗa neman kuɗi da wa'adi a jumla ɗaya, don in ka rubuta ku biya ni ko in wallafa, ya koma barazana.

Tukuici na halal yana nan, wato ladan da kamfanoni ke ba wanda ya kai musu rahoton ɓaraka. A cikin masu burauza, Netscape ce ta fara a 1995, Mozilla ta buɗe nata a 2004 da dala 500 a kan kowace ɓaraka mai tsanani, Google ta fara na Chromium a 2010, kuma a 2024 ta ɗaga mafi girman ladan Chrome zuwa dala 250,000. Kada wannan adadi ya ɗebe ka, na mafi munin ɓaraka ne wadda ke ba mai kutse iko a kan na'urar kanta. Irin taka ƙasa take da haka nesa, kuma ƙaramin kamfani yana iya zama ba shi da tsarin lada sam. Amma ka nemi a ba ta lambar CVE, rajistar ɓarakokin tsaro da cibiyar MITRE ke kula da ita tun 1999, a kuma ambaci sunanka a sanarwar gyaran. Ga mai koyo, wannan shaida ce da za ta yi maka magana a wajen neman aiki.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Akwai shafin da duk sanda na buɗe shi burauzata take rufewa. Ita ma ɓarakar tsaro ce?

Injiniya:
Ba kowace rufewa ba ce, ɗan'uwa. Shafin da ya cinye ma'adanar na'ura har burauza ta faɗi, matsala ce ta yau da kullum, a kai ta ta hanyar da aka saba. Mai haɗarin ita ce wadda manhajar ta taɓa gurbin ma'adana da bai kamata ba. A 2020 masu Chromium sun duba manyan matsalolin tsaro 912 tun daga 2015, suka ga kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan nau'in ne, rabin waɗannan kuma na ci gaba da amfani da gurbin da aka riga aka saki ne. Ana bambancewa da kayan aiki irin su AddressSanitizer, manhajar da ke gano irin wannan kuskure. In ba ka iya ba, kai ta ƙofar tsaro a rufe, su za su mayar da ita fili in ba ta da haɗari. Misalin da zan ba ka shi ne na Satumbar 2023, CVE-2023-4863: hoto ɗaya na WebP da aka ƙera da mugun nufi ya isa, kuma da yake ɓarakar tana cikin libwebp, manhajar buɗe hotunan WebP da kowa ke aro, sai da Chrome da Firefox da Edge da tarin wasu manhajoji duk suka fitar da faci.

Ɗan Koyo:
Allah Ya saka muku da alheri. Na gwada a Chrome da Brave da Edge, bai yi aiki ba ko a ɗaya, ke nan daga kamfanin ne kamar yadda Injiniya ya zata. Na samu security.txt ɗinsu, akwai imel na tsaro daban a ciki. Na rage fayil ɗin, na amsa tambayoyin Malama, na rubuta kwana 90, na tura. Mai sayen kuma ban sake ba shi amsa ba. Saura abu ɗaya: akwai 'yan'uwana da ke amfani da burauzar nan har wajen hulɗar banki. In yi shiru da su ma?

Malama:
A'a ƙanena, ka gaya musu su koma wata burauzar ko manhajar bankin kanta har zuwa wani lokaci, ba sai ka yi musu bayanin yadda ake yi ba. Ka kuma koya musu amfani da ma'ajiyar kalmomin sirri, domin ita ainihin adireshin shafi take dubawa, ba abin da ke nunawa a sama ba, don haka in sun ga ta ƙi cike musu kalmar a shafin da suka saba, su dakata. Kai kuma in mako biyu ya wuce ba ka ji daga mutum ba, ka tura tunatarwa guda. In ita ma shiru, ka cike fom ɗin CERT/CC ka haɗa da kwanakin duk saƙonnin da ka aika.